Masu Auna Sama da Fitila

Mahaifina yana da wata tocila ta ƙarfe, doguwa, mai batir uku, wadda ba a yarda yaro ya taɓa ba. Da ita yake zagaya turken awaki kafin ya kwanta. Wani dare cikin hunturu, hazo ya sauka har ba a ganin darbejiyar ƙofar gida sosai, ya miƙo mini ita ya ce, "Riƙe mini, zan ɗaure ƙyaure." Da ta zo hannuna sai na ɗaga ta sama. Hasken ya miƙe kamar sanda, fari fat, ƙura tana yawo a cikinsa, ya yi ta hawa har ya narke cikin duhu. Na ce, "Baba, ina ya ƙare?" Ya ce, "Inda ƙurar ta ƙare. Kawo nan kada ka cinye mini batir."

Na fi shekara ashirin ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma har yau ban sami bayanin da ya fi wannan ba. Haske ba ya ganuwa a kan hanyarsa sai ya ci karo da abin da zai juyo da shi zuwa idonka. Akwai mutanen da duk sana'arsu a kan wannan magana ta Baba take zaune: su harba haske sama, su tsaya su tari ɗan abin da ya dawo, su karanta labarin iskar da ba wanda ya taɓa shaƙa. Na'urarsu ana ce mata laida. A shekarar 2022 wasu daga cikinsu a Jamus suka ba da labarin cewa haskensu ya kai kilomita 750, ya taɓa iskar hiliyam, ya dawo. Nisan nan ya ɗara na Kano zuwa Yamai idan aka ja layi a miƙe. Tarihin wannan sana'a nake so in bayar, amma dole in fara da gishiri.

Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ba shi da na'urar rarrabe haske, don haka ni da ɗalibai muke haɗa tamu. Kwalin sabulu, a tsaga masa siririyar kafa da reza, a manna guntun faifan CD a ciki. Mu rufe tagogi, mu kunna murhun gas, wutar tana ci shuɗiya. Sai in ce wa ɗaya, "Barbaɗa gishirin." Nan take harshen wutar ya koma rawaya kamar ƙwaiduwar ƙwai, wanda ke leƙen kwalin kuma ya ɗaga murya, "Malam, ga layi! Guda ɗaya ne, rawaya!" Wannan layi na sodiyam ne, ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗu suka yi gishiri. Kowane sinadari yana da nasa zango na haske, kamar yadda kowace tashar rediyo take da mitar da ake kama ta. Na sodiyam yana kan nanomita 589, kuma da na'ura mai kyau za ka ga layuka biyu ne manne da juna, waɗanda masana suka sa wa D1 da D2.

Ranar 18 ga Agusta 1868 aka yi cikakken husufin rana da aka gani a Indiya. Masana daga Turai suka yi tattaki da kayansu, cikinsu har da Bafaranshe Jules Janssen, wanda ya kafa nasa a garin Guntur. Da wata ya rufe fuskar rana, harsunan wutar da ke gefenta suka fito fili, aka ga layuka masu haske a cikinsu, har da wani rawaya. Da yawa suka ɗauka na sodiyam ne, kuma ba laifinsu, don kamar ta yi yawa. Bayan wata biyu, ranar 20 ga Oktoba, wani ma'aikacin ofishin yaƙi na Ingila mai suna Norman Lockyer, wanda kallon sama sha'awa ce kawai gare shi a lokacin, ya ga layukan nan ba tare da husufi ba. Da aka auna da kyau sai aka ga rawayan ya ɗan goce, yana wajen 587.6. Ratar ba ta kai nanomita biyu ba. Aka sa masa D3. Lockyer ya yi aiki da masanin sinadarai Edward Frankland, suka gwada iska iri-iri a ɗakin gwaji, ba wadda ta ba da layin. Sai ya tsaya a kan cewa wani sinadari ne da ba a sani ba a duniya, aka raɗa masa suna hiliyam, daga kalmar Girkanci ta rana.

Shekara 27 yana ɗauke da wannan magana ba shi da abin da zai nuna a kwalba, masana da yawa kuwa ba su karɓa ba. A watan Maris na 1895 William Ramsay a Landan yana neman iskar argon cikin wani dutse mai yuraniyam da ake kira kilibait. Ya jiƙa dutsen da ruwan asid, ya tari iskar da ta fito, ya duba haskenta, sai ga D3. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to a nan dutsen gaske aka dafa. Ramsay ya aika wa Lockyer da samfurin iskar ya gani da idonsa. A Uppsala ta ƙasar Suwidin ma Cleve da Langlet suka samo ta a wannan shekarar, ba tare da sun bi ta kan aikinsa ba.

Me ya kai iskar rana cikin dutse? Amsar ta fito daga Manchesta wajen 1909, lokacin da Rutherford da Royds suka nuna cewa ƙwayoyin da yuraniyam da danginsa suke tofarwa yayin da suke ruɓewa, su ne cibiyar ƙwayar zarrar hiliyam. Wato ƙasa tana haihuwar hiliyam dare da rana, har a duwatsun yuraniyam na Arlit a Nijar a wannan sa'ar. Yana tsatsowa ya shiga iska, amma ba ya taruwa: a iskar da muke shaƙa kashi biyar da ɗan ɗoriya ne kacal cikin miliyan. Ba ya haɗuwa da komai, ga shi ba nauyi, a hankali yake hawa har ya suɓuce wa duniya. Daga ƙasa zuwa wajen kilomita 100 iska a gauraye take kamar kunun da ake damawa. Daga nan zuwa sama damun ya tsaya, kowace iska ta nemi matsayinta gwargwadon nauyinta: masu nauyi a ƙasa, sai iskar oksijin, sai hiliyam, can ƙoli kuma haidirojin. Don haka akwai wani bene a sama, ɗaruruwan kilomita daga nan, inda wannan iska da ke ƙaranci a wajenmu ita ce mai gari.

Ba da ido aka fara sanin haka ba. A ranar 12 ga Agusta 1960 Amurka ta harba Echo 1, wani ƙaton balan-balan mai sheƙi, faɗinsa mita 30, yana kewaya duniya a nisan da ya haura kilomita 1,500. Saboda girmansa da rashin nauyinsa, ko 'yar iska kaɗan tana ja masa birki. Masu lissafin tafiyarsa suka ga jan ya fi abin da oksijin zai iya yi a wannan nisa. Marcel Nicolet, masani ɗan Beljiyam, ya fito a 1961 ya ce hiliyam ne. A 1963 tauraron ɗan'adam Explorer 17 ya hau da na'urar tantance iska ya tabbatar. Kafin shekarun 1960 su ƙare, Keating da Prior sun lura da wani abin mamaki daga jan da ake yi wa wasu taurarin: hiliyam ya fi taruwa a ɓangaren duniya da ke cikin sanyi. Iskar can sama tana tasowa daga ɓangaren zafi ta kwarara zuwa na sanyi ta sauka, mara nauyin kuma ya cunkushe a can.

Duk wannan ilmi yana da rauni ɗaya. Tauraron ɗan'adam matafiyi ne, yana zagaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi, abin da ya shaƙa a kan hanyarsa shi kaɗai ya sani. Ba zai gaya maka abin da ke sama da shi ko ƙasa da shi ba, ba kuma zai tsaya a kan gari ɗaya ya kwana yana kallo ba. Balan-balan na masu hasashen yanayi yana fashewa wajen kilomita 30 zuwa 35. Roka tana ratsawa cikin mintoci ta faɗo. Manyan na'urorin rada, irin na Jicamarca a Peru da na Arecibo da ya rushe a 2020, suna jin ɓangaren iskar da ke ɗauke da cajin lantarki ne, alhali wannan ɗan tsiraru ne. Mafi yawan iskar, wadda ita ce ke jan taurari, ba ta amsa musu kai tsaye.

Masu fitila kuwa tun kafin leza suke. A 1930 wani ɗan Ailan, Edward Synge, ya ba da shawarar a haɗa manyan fitilun nan na sojoji masu neman jirgin sama da dare, a haska su wuri ɗaya, a auna hasken da iska ta warwatso. Aka gwada a shekarun da suka biyo, har Louis Elterman a Amurka ya kai wajen kilomita 60 a farkon shekarun 1950. Tocilar Baba ce aka girmama. Matsalarta ita ce fitila mai ci ba tsayawa ba ta gaya maka daga ina hasken ya juyo, sai dai a kai madubin kallo kilomitoci da yawa gefe, a yi ta lissafin kusurwa.

Leza ce ta kawo agogo cikin sana'ar. Theodore Maiman ya kunna ta farko a watan Mayu na 1960 a Kalifoniya, kuma tana ba da walƙiya gajera ƙwarai. Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa a rijiya yana sauraron ƙararta don ya san zurfin ruwa ya riga ya fahimci dabarar. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ka harba walƙiya, ka ƙirga lokaci. Abin da ya dawo da wuri daga kusa yake, wanda ya makara daga nesa. Walƙiya ɗaya sai ta ba ka labarin sama hawa-hawa. A 1962 Louis Smullin da Giorgio Fiocco na MIT suka harba leza ga wata suka tari abin da ya dawo bayan daƙiƙa biyu da rabi. Shekara ta gaba suka juya ta ga iskar duniya, suka buga sakamakon a mujallar Nature, wadda Lockyer ɗin nan ne ya kafa ta a 1869. Yau laida ta zama kayan aiki na yau da kullum. A 2006 aka kafa ɗaya a Yamai ta auna ƙurar Sahara, wato hazon nan namu.

Amma ƙura tana ƙarewa, kamar yadda Baba ya faɗa, iskar ma tana sirancewa. Da an wuce kilomita 80 zuwa 90, abin da ke juyo da haske ya yi ƙaranci har ba a jin komai. Nan gishiri ya sake shigowa. Tun 1929 Vesto Slipher a Arizona ya ga layin rawaya na sodiyam cikin ɗan hasken da sama ke yi da dare. Daga baya aka gane cewa akwai shimfiɗar sodiyam tsakanin kilomita 80 da 105, tokar duwatsun sama da ke ƙonewa idan sun shigo, waɗanda muke gani mu ce tauraro ya faɗi. Ƙwayar zarra kuwa, idan ka haska ta da ainihin zangonta, ba karo kawai hasken zai yi da ita ba. Haɗiye shi za ta yi ta sake tofo shi, kuma amsar tata ta fi ta sauran iska ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata shi ne leza da za a iya murɗawa kamar rediyo har ta kama tashar. An samu irinta a 1966, mai aiki da ruwan rini. A 1969 Bowman da Gibson da Sandford a Ingila suka murɗa ta zuwa 589, suka harba, sodiyam ya amsa.

Daga nan sana'ar ta bunƙasa. Aka bi ƙarfe, aka bi potasiyam da kalsiyam. Aka koyi karanta zafin iska da gudunta daga yadda layin yake faɗaɗa ko gocewa. Xinzhao Chu da ɗalibanta na Jami'ar Kolorado suka kai na'urarsu McMurdo a Antatika, a 2011 suka ba da labarin ƙarfe har kilomita 155. Duk da haka tokar duwatsun sama ma tana da iyaka. Sama da kilomita 200, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take yawo a wajen 400, inda NigeriaSat-1 da aka harba a 2003 ya zauna a kusan 686, masu fitila ba su da wanda zai amsa musu. Sai hiliyam.

Shi kuwa hiliyam kurma ne ga duk fitilar da za a kunna daga ƙasa. Zangon da ƙwayarsa take amsawa idan tana zaune lafiya yana kan nanomita 58.4, haske ne da iskar ƙasa take shanyewa tun bai yi nisa ba. D3 na Lockyer kuma sai ƙwayar ta riga ta hau wani mataki mai tsawo, irin abin da wutar rana ke sa ta yi. Sai dai akwai wata ƙofa. Hasken rana mai ƙarfi yana fizge ilektiron daga iskar sama, waɗannan kuma suna gudu suna bangazar abin da suka tarar. Idan ɗaya ya bangaji ƙwayar hiliyam da ƙarfin da ya isa, yakan jefa ta wani mataki da dokokin halittarta suka hana ta saukowa daga kai cikin sauƙi. Ina ce wa ɗalibai su ɗauka mutum ne ya hau soro aka ɗauke tsani. Sauran ƙwayoyi idan an ɗaga su suna dirowa kafin ƙiftawar ido, cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Wannan kuwa, idan ba abin da ya taɓa ta, tana iya kaiwa daƙiƙa 7,900, sama da awa biyu. Maƙalallen hiliyam nake kiransa. Kuma yana can kan soron yana da tashar da yake amsawa, nanomita 1083, hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda rimot ɗin talabijin yake fitarwa. Wannan zango yana ratsa iskar ƙasa.

Rashawa ne suka fara kama shi a samanmu. Nikolai Shefov, yana aiki a tashar Zvenigorod kusa da Mosko, ya ba da labarinsa a farkon shekarun 1960. Lokacin kallonsa shi ne almuru da kuma gabanin alfijir. Mu a ƙasa rana ta faɗi, an yi magariba, duhu ya fara. Amma wanda ke kilomita 500 a sama har yanzu yana cikin hasken rana. Maƙalallen hiliyam yana karɓar hasken rana a 1083 yana watsowa, mai na'ura a cikin duhun ƙasa yana tara. Shekaru aka yi ana wannan kallo a ƙasashe da dama, kuma an ƙaru da shi. Amma aron fitilar rana ake yi, kuma mai aro ba shi da agogo. Shimfiɗar ta fi kilomita 500 kauri, hasken dukanta yana zubowa a haɗe. Kamar ka tsaya bayan katanga kana jin hayaniyar kasuwa: ka san ta cika, ba ka san wace rumfa ce ta fi jama'a ba.

A 1997 Andrew Gerrard da abokan aikinsa a Amurka suka zauna suka lissafa ko laida za ta iya. Lissafin ya ce za ta iya, da ƙyar. Nakan sa ɗalibai su bi wahalar da kansu a kan allo, don ni a nan ne nake ganin girman aikin. A santimita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, wurin da bai kai dunƙulen Maggi ba, iskar ajinmu tana da ƙwayoyi 25 da sifiri 18 a bayansu. A shimfiɗar sodiyam, wuri kamar wannan yana da ƙwayoyin sodiyam dubu kaɗan. Maƙalallen hiliyam, a inda ya fi yawa, kamar ɗaya ne. Ga nisa: hasken da ya juyo yana raguwa da ninkin nisa sau kansa, don haka abin da ya taso daga kilomita 500 ya fi na kilomita 90 rauni sau talatin. Ga kuma ido: na'urorin kama haske da aka saba da su, irin na kyamarar waya, da silikon ake yin su, shi kuwa silikon yana makancewa wajen nanomita 1100. Wato 1083 a bakin makantarsa yake. Sannan ita kanta samar tana da nata ƙyalli a wannan yanki na haske, wanda ke neman binne amsar. Wata ɗaliba ta taɓa gama lissafin tafiya da dawowa na kilomita 750, ta sami kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, ta juyo ta ce, "Malam, tafiyar ba ta da tsawo ashe." Na ce mata tafiyar ba ta da tsawo, masu dawowa ne ba su da yawa.

Aka yi ta ƙoƙari. A Jami'ar Illinois, ƙungiyar Gary Swenson ta gina leza ta musamman don wannan zango, ta bayyana ta a 2009. Shekaru suka ci gaba da wucewa ba wanda ya fito da ma'aunin shimfiɗar hawa-hawa. Ina girmama waɗannan mutane kamar yadda nake girmama waɗanda suka ci nasara, don wanda ya zo daga baya a kan kafaɗar lissafinsu da kurakuransu ya taka.

Kafin nan wani abu ya faru da har yau yake taɓa ni. A 2018 Jessica Spake da abokan aikinta suka yi amfani da madubin Hubble suka ga wannan layi na 1083 a iskar wata duniya mai suna WASP-107b, wadda haske ke shafe kimanin shekara 200 kafin ya zo daga wajenta. Mun ga maƙalallen hiliyam a gidan wasu da ba za mu taɓa zuwa ba, alhali na saman rufinmu ba mu iya cewa ga yawansa a hawa kaza ba. Tarihin 1868 ne ya maimaita kansa: an san hiliyam a rana kafin a san shi a ƙasa.

A watan Oktoba na 2022 Bernd Kaifler da Christopher Geach da abokan aikinsu uku na cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, a Oberpfaffenhofen kusa da Munik, suka buga sakamakonsu a Nature Communications, jikar mujallar Lockyer. Sun harba leza a 1083, sun tara ƙwayoyin hasken da suka dawo ɗaya bayan ɗaya na sa'o'i masu yawa, har siffar shimfiɗar ta fito daga cikin hayaniya. Sun kai kilomita 750, wajen ninki huɗu na iyakar da laida ta taɓa kaiwa a auna iska. Yawan ya fito kusan ƙwaya ɗaya a santimitar nan, kamar yadda lissafi ya daɗe yana faɗa, kuma yana sauyawa da tsayi, da matsayin rana, da lokacin shekara. Daga shawarar Gerrard zuwa nan shekara 25 ke nan, saura biyu ta kai jiran Lockyer. Da na karanta na tuna hazonmu, na kuma gane cewa shi da ya nuna mini sandar haske shi ne babban abokin gabar irin wannan na'ura. Tana son sama garau. Duk abin da ƙura ta juyo da shi a ƙasa asara ne ga mai neman kilomita 700.

Wani zai ce ƙwaya ɗaya a dunƙule, ina ruwan mai neman abin kai wa baka? A wannan shekarar ta 2022 aka ga ruwan. Ranar 3 ga Fabrairu kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, ya sake su a wajen kilomita 210 kafin su hau matsayinsu. Wata guguwar rana, wadda ma ba babba ba ce, ta ɗumama iskar can sama, iskar ta kumbura, jan ya ƙaru, 38 daga cikinsu suka dawo suka ƙone. Ba sabon abu ba ne: a watan Yuli na 1979 tashar Skylab ta Amurka ta faɗo kafin lokacin da aka yi zato, saboda rana ta yi zafin rai fiye da hasashe, tarkacenta ya zuba a yammacin Ostareliya. Wannan bene na sama, wanda masana ke kira tamosfiya, yana numfashi da rana. Yana kumbura da rana ya sace da dare, yana bin zagayen rana na shekara 11, yana tashi da kowace guguwa. Dubban taurari suna cikinsa yanzu, kuma tun Janairun 2023 da Starlink ya fara aiki a Nijeriya, wasu daga cikinsu ne ke kawo intanet garuruwan da waya ba ta kai ba. Masu kula da su suna dogara da lissafin kwamfuta don su san inda kowane zai kasance gobe, kada biyu su yi karo. Lissafin kuwa an gina shi a kan awo kaɗan, mafi yawansa na matafiyan nan da ba sa tsayawa. A ganina wannan ne amfanin aikin Jamusawan: sun nuna cewa mutum zai iya zama wuri ɗaya a ƙasa, ya sa wa wannan iska ido dare bayan dare, da fitilarsa da agogonsa.

Abin da suka auna zuwa lokacin yawa ne kawai. Abin da ake nema a gaba shi ne zafi da gudun iska, ta hanyar da aka bi da sodiyam: a ɗan murɗa lezar hagu da dama na tashar, a ga faɗin layin da gocewarsa. Ba ƙaramin aiki ba ne. A zafin can sama ƙwayar hiliyam tana gudun sama da kilomita biyu a daƙiƙa, kowace ta nufi inda ta ga dama, kuma daga cikin wannan ruɗani ne za a tsamo gudun iskar gaba ɗaya, wanda bai wuce mita ɗari ko ɗari biyu a daƙiƙa ba a yawancin lokaci. Masu sodiyam, da dubban ƙwayoyinsu, sai da suka yi shekara goma, daga 1969 zuwa 1979, kafin su karanta zafi. Saura 'yan shekaru in ajiye alli. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan shiga aji da takarda a hannu, in rubuta wa yara a allo cewa daren jiya, kilomita 500 a bisa wani gari, iska ta nufi gabas da gudu kaza, kuma daga ƙasa aka auna.